Rank ya shiga tsakanin Nura da Sagir: majalisa muke ko kulob?

Abba Admin:
Salamu alaikum 'yan gida. Wata magana ce ta tsaya min a wuya tun daren Laraba, na ga in aka bar ta a rufe za ta yi wari. Mu biyar muka shiga rank, wato wasan neman maki da hawa matsayi, a gem ɗin Call of Duty Mobile, nau'in Search and Destroy na dasa bam, a taswirar Crash. Nura saura masa wasa ɗaya ya taka Legendary, matsayin da ya fi kowanne, mako uku yana bin abin nan. Aka zo zagayen ƙarshe ana kunnen doki, aka kwashe mu huɗu, ya rage Sagir shi kaɗai da bam a hannu, abokan karawa saura biyu. Duk muna kallo ta allonsa. Sai kawai muka ga mutum ya tsaya cak a bayan wata mota ya daina motsi, muna jiyo muryar Hajiyarsu daga nesa tana cewa ya zo ya buɗe wa Baba get. Lokaci ya ƙare a kansa yana tsaye. Nura ya faɗi abin da ya faɗa, ba zan maimaita ba, ya kuma cire shi daga skwad. Jiya a wurin mai shayi sun zauna benci ɗaya, ko kallon juna ba su yi ba.

Mun buɗe gidan nan a 2020 lokacin kulle, don mu riƙa hira muna harbe-harbe tunda ba a fita. Yanzu rabinmu maki suke nema, rabi dariya suke nema. To ya za mu yi? Kowa ya faɗi ra'ayinsa, ban da zagi.

Nura Headshot:
Wa alaikumus salam. Zagin da na yi kuskure ne, na yarda, kuma zan same shi har gida. Amma Admin a faɗi gaskiya duka. Kafin mu danna na tambaya sau biyu: kowa ya shirya? Akwai wanda za a aika? Sagir ya ce babu. Ban ce kada ya amsa kiran mahaifiyarsa ba, Allah ya kiyaye. Na ce in ka san an kusa kiranka, kada ka shiga wasan da in ka tashi mutum huɗu ne za su biya. Datata ce, cajina ne, barcina ne na mako uku. Akwai wasan da ba na rank ba, yana nan a buɗe dare da rana, me ya hana shi can?

Ɗan Fagge:
Abin da ya hana shi can shi ne ku ba kwa can. Wata nawa rabon ka Nura da shiga wasan da ba maki? Yaron nan ba Legendary yake nema ba, ku yake nema. In yana son ya ji muryar abokansa dole ya biyo ku inda kuke.

Nura Headshot:
To ai wancan ɗin ba daɗi ne. Rabin waɗanda kake harbi bot ne, wato ba mutane ba, na'ura ke sarrafa su, suna tafiya kamar an ɗaura musu buhun siminti. Sauran rabin kuma da an fara cin su sai su fice, a bar ka kai kaɗai kana zagaye taswirar Nuketown.

Injiniya Bello:
Bari in sa baki, don abin da Nura ya faɗa yanzu shi ne tushen matsalar, kuma ba a gidanmu ta fara ba. Ku ɗauki tashar mota. Kowane nau'in wasa da kamfani ya buɗe mota ce da aka ajiye tana jiran lodi. Ta rank daban, ta shan iska daban, ta Hardpoint daban, ta mutum ɗari da ake sauka da lema daban. Fasinjojin kuwa su ne dai waɗanda suke kan layi a wannan sa'ar a kusa da kai. In motoci biyu ne, nan da nan sun cika. In aka jera goma sha biyu, kowacce za ka tarar da mutum uku a ciki suna fifita.

Na'urar da ke haɗa 'yan wasa abu uku take ja a lokaci guda, kuma ba ta iya samunsu duka. Tana son motar ta tashi da wuri. Tana son mutanen ciki su kasance kusa da sabar, wato kwamfutar kamfani da ke riƙe wasan, don ping, jinkirin saƙo tsakaninka da ita, ya sauka. Tana kuma son ƙwarewarsu ta zo ɗaya. Ta matsa wa ɗaya, sauran biyun su kwance. A rank an zaɓi a matsa wa ƙwarewa, shi ya sa kake jira, wani lokacin a jefa ka sabar da ke nesa ka ga ka harbi mutum amma kai ka faɗi. A na shan iska an zaɓi sauri, shi ya sa in mutane ba su kai ba ake cikawa da bot. Kun san yaran nan da 'yan kamasho ke zaunarwa a mota don ka zo ka ga kamar saura mutum ɗaya? To su ne bot, bambancin kawai su ba sa sauka in mota ta tashi.

Sa'annan duk sanda gwanaye irin su Nura suka ƙaurace wa motar shan iska, sai ta ƙara zama wayam, a ƙara mata bot, su kuma su ƙara cewa ba daɗi. Abin yana cin kansa ne.

Ummi AK:
Misalin 'yan kamashon nan ya kashe ni wallahi. Amma Injiniya ka bar abu ɗaya. Ku maza kuna maganar wasan shan iska kamar wani lambu ne. Ni in na shiga da mutanen da ban sani ba, makirfon ɗina a kashe yake, rank ne ko ba rank ba. Ranar da na manta na ce "akwai mutum a sama", wasan ya tashi daga harbi ya koma "ke 'yar ina ce, turo lamba". A rank ma ya fi sauƙi, don kowa makinsa ya dame shi, ba shi da lokacina. Saboda haka ni wurin hirata ɗaya ne, ɗakin da muke buɗewa da kanmu mu sa lambar sirri. Sunan da aka rubuta a jikin maɓalli ba shi ke sa wuri ya zama na zumunci ba.

Baban Hanif:
Ƙannena, ku bar tsoho ya ba ku labari. A 2008 ina karatu a Maleshiya, abokin ɗakina yana da Xbox 360, a nan na san Halo 3, wanda ya fito a 2007. Da ka shiga, jerin wasannin a rabe suke gida biyu, an rubuta ƙarara: Ranked da Social. A na farkon akwai lamba kusa da sunanka daga 1 zuwa 50, kowa yana gani. Mai 50 kuwa sarki ne, har sayar da akawun mai 50 ake yi. A Social babu wannan lambar a gabanka, kuma abin da ya fi burge ni, ana barin ka shiga da baƙo. Wato ni da ba ni da akawun sai a miƙo min hannu na biyu, a raba talabijin gida biyu, sunan abokina ya fito da lamba a gefensa, shi ke nan na shiga duniya.

Abin da nake so ku lura da shi: Social ɗin nan ba ragowar abinci ba ne. Yana da nasa kayan. Manyan taswirori na mutum takwas-takwas da motoci da jirage, wasannin shirme da ba za a taɓa sa su a gasa ba. Wanda ya kai 50 ma in ya gaji can yake zuwa ya tuƙa mota ya faɗa rami da abokansa. Yau kuwa a yawancin gem ɗin nan, wasan da ba na rank ba shi ne dai rank ɗin aka cire masa maki. Taswira ɗaya, bindiga ɗaya, doka kusan ɗaya. To wa zai bar mai lada ya tafi marar lada?

Kuma a da in wasa ya ƙare kuna iya zama da mutanen nan ku sake karawa. Wani Bature ya yi min kisan wulaƙanci, na ce sai na rama, muka yi wasa shida a jere, daga ƙarshe muka zama abokai. Call of Duty na kwamfuta da na PlayStation kuwa daga Modern Warfare na 2019 sun shafe shekaru suna watsa lobi, wato taron 'yan wasan da aka haɗa, bayan kowane wasa a sake haɗa sabo. Ka rama a kan wa?

Ɗan Fagge:
Baba ashe an sha gwagwarmaya. Mu muna nan muna buga kati a PS2 a lokacin.

Nura Headshot:
Yawwa, Baban Hanif ya zo inda nake. Kuma shi ya sa nake cewa a wasan shan iska bai kamata a duba ƙwarewar kowa ba sam. A zuba kowa da kowa. In na haɗu da sababbi in more, in na haɗu da waɗanda suka fi ni in sha kashi. Amma a ce na yi wasa biyu masu kyau, na uku sai a kawo min aljanu? Ina hutun yake? Kenan rank biyu ake da shi, ɗaya da maki a fili ɗaya a ɓoye.

Malama Zee:
Nura, wannan "in more" da ka faɗa, da wa za ka more? Da Sagir ɗin wani gidan. Hutunka shi ne wahalar mutum biyar. Kuma an gwada abin da kake nema. A Yulin 2024 Activision, kamfanin Call of Duty, ta fitar da wani dogon bayani kan yadda take sa ƙwarewa cikin haɗa 'yan wasa. Ta ce ta yi gwaji a Modern Warfare III ba tare da ta sanar ba, ta sassauta duba ƙwarewa ga rabin 'yan wasan Arewacin Amurka. Abin da ta ce ta gani: ficewa a tsakiyar wasa ta ƙaru, wasannin da ake yi wa ɓangare ɗaya cin kaca sun ƙaru, kuma in ka cire kashi 10 na can sama, sauran dawowarsu ta ragu. Wato gwanaye sun ji daɗi, jama'a sun fara sulalewa. In na ƙasa suka tafi, na tsakiya su ne sababbin na ƙasa, su ma su tafi. Daga ƙarshe kai da aljanun naka za ku rage.

Nura Headshot:
Malama, kamfani ya shirya jarrabawa, ya rubuta, ya maka da kansa, ya ce ya ci. Kuma in haka ne me ya sa da Call of Duty ɗinsu na Black Ops 7 ya fito a Nuwamban 2025 suka mayar da yawancin wasanninsa ba a cika duba ƙwarewa ba, suka kuma dawo da lobin da ba ya watsewa?

Malama Zee:
Saboda masu ƙorafi sun fi kowa murya, kuma ga Battlefield 6 na wani kamfanin ya fito wata guda kafin nan yana jan mutane. Wannan fahimtata ce, ban ce su suka faɗa ba. Amma tunda misali kake so, ga XDefiant na Ubisoft. Ya fito a Mayun 2024, babban abin tallarsa shi ne ba ya duba ƙwarewa a wasannin shan iska. Disamba aka sanar za a rufe shi, Yunin 2025 aka kashe sabar.

Injiniya Bello:
A nan kam Malama zan ɗan ja da ke. XDefiant yana da wasu cututtukan, mutane sun yi ta kukan harsashi ba ya zama inda aka harba, kuma ya shiga kasuwar da manya suka riga suka kafa rumfa. Ba za a ɗora mutuwarsa kan abu ɗaya ba. Wanda ya fi nuna wahalar abin shi ne Destiny 2. Bungie, kamfanin da ya yi shi, ta cire duba ƙwarewa daga yawancin wasanninta na karawa a 2020, a 2022 ta dawo da shi a sassauce a nau'in wasan da ake kira Control. Kamfani ɗaya, gem ɗaya, sun je sun dawo. Da akwai amsa ɗaya da tuni kowa ya kwafa.

Asalin lissafin auna ƙwarewar ma ba don irin wasanmu aka yi shi ba. Arpad Elo, malamin kimiyya a Amurka, don wasan ces (chess), mai kama da dara, ya tsara shi, hukumar ces ta duniya ta karɓa a 1970. Mutum ɗaya da mutum ɗaya, wanda ya ci ya hau, wanda aka ci ya sauka, ba gardama. Microsoft ta zo da nata lissafin, TrueSkill, don ya ɗauki ƙungiya. Amma har yau babu lissafin da ya san yadda zai yi da skwad irin ta daren Laraba: mai shirin Legendary ɗaya, matsakaita uku, da Sagir. In aka kawo musu abokan karawa daidai da Nura, Sagir ya zama nama. In aka kawo daidai da Sagir, Nura ya zama kura a garke. In aka raba tsakiya, duka biyun ba wanda ya samu wasansa. Matsalar abokai ce waɗanda hannunsu bai zo ɗaya ba, kuma na'ura ba ta san abota ba.

Issoufou Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Ni abin da ni gani, ku duba dambe. Kafin manya su fito akwai 'yan share fage, kuma ko a cikin manya, in wani ya miƙo maka hannu kana iya ƙi, ba a tilasta ka shiga turmi da wanda ya fi ƙarfinka. Amma filin guda ne, makaɗan guda ne, 'yan kallo guda. Yaro yana gama nashi ya zauna ya kalli na manya. Mu nan da munka ga rigima irin taku, ɗaki munka riƙa buɗewa ran Lahadi, gwanaye biyu su zan kyaftin su zaɓi mutane ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwallon unguwa. Ba a taɓa barin gwanaye su taru gefe guda ba.

Ɗan Fagge:
Issoufou wannan zaɓen kyaftin ɗin yana da nasa ciwon fa. Wanda aka zaɓa ƙarshe ya san matsayinsa. Ni na sha zama gola a unguwarmu ba don na iya kamu ba.

Sadiq Kwamanda:
Ni mafitata mai sauƙi ce, akawun biyu gare ni. Babba na rank, ƙarami na yawo da yara. In zan yi wasa da su Sagir sai in hau ƙaramin, a kawo mana masu sauƙi, kowa ya yi dariya.

Ummi AK:
Kowa ya yi dariya ban da mutum biyar ɗin da ka yi wa kisa talatin. Sadiq wannan ai shi ne babba ya sa gajeren wando ya shiga gasar 'yan firamare. Irinku ne kuke sa sabon shiga ya goge gem a kwana biyu, sannan ku dawo kuna cewa ba mutane sai bot.

Sadiq Kwamanda:
To Hajiya ya zan yi? In hau babban a yanka abokaina, in hau ƙaramin ki ce zalunci.

Baban Hanif:
Ka hau babban, ka shiga ɗaki, ka riƙe ƙaramar bindiga ko wuƙa kawai. Mu haka muke yi wa gwanin cikinmu. Za ka sha mamakin yadda za ka yi gumi. Ɗakin sirri shi ne kaɗai wurin da doka take hannunku, ba a hannun lissafin wani ba, kuma kuna da mutum sama da arba'in a gidan nan. Motarku a cike take, kuna tsaye a tasha kuna jiran ta haya.

Nura Headshot:
Na ji, kuma zan zo ɗakin. Amma kada a mayar da mu masu son rank kamar wasu marasa zumunci. Wallahi daɗin da ke cikin mutum biyar su san aikinsu, wannan ya riƙe sama, wancan ya jefa hayaƙi, a juya wasan da aka kusa rasawa, ba a samunsa a wasan wuƙa. Shi ma zumunci ne. Ni da Abba ba mu taɓa haɗuwa ba sai da muka yi wata shida muna rank tare, yau ga shi ni na yi masa babban aboki. Abin da nake roƙo kawai, in an ce daren rank ne, wanda ya shigo ya san alkawari ya ɗauka na minti ashirin.

Malama Zee:
Wannan kam gaskiyarka ce. Kuma wanda netwok ɗin unguwarsu ke rawa da daddare, ko cajinsa bai kai ba, shi ma ya faɗa tun kafin a danna. Ni sau biyu wuta tana ɗaukewa wayata na kashi huɗu, na ja wa mutane asara, har yau ina jin kunya.

Abba Admin:
To ga abin da na tsinta, wanda bai yarda ba ya yi magana kafin Isha. Talata da Alhamis daren rank ne, masu nema su haɗa kansu, kuma ba dole a ɗauki kowa ba, kada wanda aka bari ya yi fushi. Juma'a bayan ƙarfe tara ɗakin gida ne, ba maki, kowa da kowa, kuma 'yan rank dole su leƙo ko na wasa uku ne, don ba za a mayar da shi ɗakin marasa hannu ba. Maganar Ɗan Fagge ta shige ni, saboda haka ba zaɓen kyaftin a fili, ni da Ummi za mu raba mutane tun da rana mu turo jeri. Duk wanda ya kai Legendary ƙaramar bindiga zai riƙe a wasan farko. Maganar ƙaramin akawun Sadiq kuwa ban san hukuncinta ba tukuna, a ci gaba da ita.

Sadiq Kwamanda:
A bar min shi don Allah, akwai kayan da na saya a ciki.

Sagir:
Salamu alaikum. Duk na karanta. Yaya Nura ba komai, ni ma da na ce ba za a aike ni ba ban san Baba zai dawo da wuri ba. Ba sai ka zo gida ba, mu haɗu wurin mai shayi, kai za ka biya, da ƙwai uku. Amma Admin ina da gyara ɗaya: Yaya Nura bai kai Legendary ba har yanzu, kuma kowa ya san dalili. Ranar Juma'a wace bindiga zai riƙe?

Abba Admin:
Wuƙa.

Nura Headshot:
Ƙwai biyu. Kuma Sagir ka buɗe get ɗin tun ƙarfe takwas da rabi.